Yadda Muke Kiran Gayyar Yasar Kwata a Layinmu

Ni tela ne a cikin birnin Kano, kuma shagona a bakin kwata yake. In ta toshe, ni ruwa ke fara yi wa sallama. Abin da ya jefa ni cikin masu kiran gayya ke nan, yau shekara tara. Abokai daga wasu unguwanni sukan tambaye ni yadda muke sa samari su shiga wannan baƙin ruwa ba a ba su ko sisi ba. To, ga yadda muke yi.

Ka fara da zaɓen rana. Kada ka bari sai Agusta, lokacin da ruwa ya yi ƙarfi, kwata ta tumbatsa, sauro ya samu gida. A watan Mayu ake yi, kafin damina ta kankama. Mu mukan ɗauki Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli, domin daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe an taƙaita zirga-zirga. Ɗan kasuwa yana gida, mai Adaidaita Sahu bai fita ba, babu mai cewa sauri yake yi.

Sai gayyata, kuma nan ne yawancin mutane ke yin kuskure. Su rubuta saƙo a WhatsApp, mutum arba'in su amsa da "Allah ya kai mu", ranar aiki a ga mutum huɗu. Kakana a ƙauye in zai kira gayyar noma, da ƙafarsa yake bin gidaje da goro a aljihu. Ranar aiki a zo da gangar noma, a dama fura, a gama gonar kafin azahar. Ba ya biyan kowa lada, amma duk ranar da wani ya kira tasa, da fartanyarsa zai je. Zumunta a ƙafa take. Don haka ka fara zuwa wurin mai unguwa ka ce, "Ranka ya daɗe, izini muka zo nema." Daga nan ka wuce wurin liman: "Allah ya gafarta Malam, a taimaka mana da sanarwa bayan sallar isha'i." Namu limamin ba ya tsawaitawa, hadisin nan kawai yake tunatarwa, cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ce. Bayan haka ka bi samari majalisa-majalisa, ka kira kowa da sunansa. Wanda aka je har inda yake aka ce ana bukatarsa, da wuya ya ƙi fitowa.

Kayan aiki aro ake yi: shebur, manjagara, diga, baro biyu ko uku. Ka rubuta sunan mai kowane kaya a takarda. Abin da ba na yarda a yi wasa da shi shi ne takalmin roba da safar hannu, domin cikin kwata akwai fasasshiyar kwalba da ƙusa mai tsatsa. Wanda ya yanke, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai tsafta, a kai shi asibiti a duba ko yana bukatar allurar tetanus. Yara ƙanana kuma aikinsu tsintar ledar fiya wata ne a kan hanya, ba shiga ciki ba.

In an fara, daga ƙasa ake farawa, inda ruwan yake fita, a riƙa yowa sama. Shekararmu ta farko daga sama muka fara, muka turo ƙazantar duka ƙofar gidan wani dattijo, sai da muka yi ta ba shi haƙuri. A tara abin da aka yaso a gefe ya tsane, amma kada ya wuce kwana biyu. Tun kafin ranar ka san wanda zai kwashe, ko motar hukumar kwashe shara ta Kano, wato REMASAB, ko 'yan kura. In ka bar shi, ruwan farko zai mayar da shi inda ka ɗebo shi.

Yanzu maganar kuɗi. Wata shekara ana dab da zaɓe, wani mai neman kujera ya tsaya da motarsa ya raba wa kowa naira ɗari biyar. Aka yi ta shewa, har da ni. Da shekara ta zagayo na je gayyata, tambayar farko da na samu ita ce, "Bana nawa za a bayar?" Mutanen da suka saba fitowa don Allah da don unguwarsu sun koma 'yan ƙwadago, kuma a matsayin kuɗin ƙwadago ɗari biyar raini ce. Sai da muka yi shekara biyu kafin abin ya dawo daidai. Tun daga nan, mai son taimakawa mukan ce ya sayo baro ko safar hannu, kuma ba ma rataya hoton kowa.

Abinci daban ne, shi kam a karɓa. Akwai wata tsohuwa a layinmu, mijinta ya rasu, da sayar da ƙosai take riƙe da jikoki. Duk gayya sai ta aiko da bokitin koko da ƙosai cike da kwano. Na taɓa zuwa na ce, "Inna, ki bar shi, ke ma nema kike yi." Ta harare ni ta ce, "Kai ɗan nan, ladan ku kaɗai kuke so ku kwashe?" Ban sake hana ta ba. Kowa da abin da ke fito da shi: wani lada yake nema, wani ɗansa ya sha jinyar maleriya bara, wani kuwa kunya ce kawai, ba zai iya zama a kan benci yana kallon babansa riƙe da shebur ba. Ba na bincikar niyyar kowa, in dai ya zo.

Da an tashi, a wanke kaya a mayar wa masu su a ranar, da takardar nan a hannu. Shebur ɗaya in ya ɓata, baɗi babu mai ba ka aro. Da magariba kuma ka roƙi liman ya sa wa waɗanda suka fito albarka a gaban jama'a, ya haɗa da matan da suka aiko da koko daga cikin gida.