Kurakuran da ke mayar da mai tattakin daji gida kafin kwana uku

Daga Katsina zuwa Daura kimanin kilomita 80 ne, tafiyar da mota ke cinyewa kafin hirar fasinjoji ta yi nisa. A ƙasa kuwa, da jaka a baya, ana bin hanyoyin ƙauye da burtali, kwana huɗu ne ga mai lafiya. Tun da tattaki ya zama abin yayi bayan zaɓen 2015, matasa ke ɗaukar jaka su kama hanya, kuma mafi yawan masu sarewa ba ƙarfi ne ke gaza musu ba. Abin da suka shirya a ɗaki daren tashi shi ke kayar da su a daji.

Kaya shi ne na farko. Kada jaka ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mai ita: mai kilo 60, kilo 12 ne iyakarsa, har da ruwa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka wanda ya ɗauki lita huɗu saura masa kilo takwas na abinci, shimfiɗa da sutura. Nan ne ake ɓata lissafi da tufafi kala biyar, bargo mai kauri, gwangwanayen kifi da risho. Kala biyu sun isa, na jiki da na canji, sai rigar sanyi guda. A auna jakar a sikelin masu hatsi kafin a fita, domin hannu ƙarya yake yi. Wajen shiryawa, ruwa da abinci su jingina da gadon baya a tsakiyar jaka, marasa nauyi su kwanta a ƙasa. In jakar na da ɗamarar ƙugu a ɗaure ta tamau, ƙugu ya ɗauki kayan. Wanda ya bar wa kafaɗa komai, kafin azahar zai ji yatsunsa sun fara mutuwa.

Sai ƙafa, wadda ita ce jarin tafiyar gaba ɗaya. Mutum ya sayi sabon kambas ranar jajibiri don tafiyar ta yi kyau a hoto, rana ta biyu ya koma ɗingishi. Takalmin tattaki sai wanda aka yi mako biyu zuwa uku ana yawo da shi, kuma ya ɗara na kullum da lamba ɗaya, domin ƙafa kumbura take yi da tafiya da zafi. In babban yatsa na taɓa gaban takalmin, farce zai yi baƙi ya cire. Silifas na zango ne kawai. Tsidau da ƙayar aduwa huda shi suke yi kamar takarda.

Bororon ƙafa ba ya zuwa ba sallama. Wurin yakan fara da ɗan zafi-zafi a diddige ko gefen ƙaramin yatsa, kuma kuskuren shi ne cewa “bari mu kai gindin tsamiyar can”. A tsaya nan take, a cire takalmi, a kakkaɓe yashi, a shanya ƙafar, a manna filasta mai faɗi ba tare da ta tattare ba. Minti biyar ke nan. In ya riga ya yi ruwa kuma ƙarami ne, a rufe shi a ƙyale. Babba wanda ke hana taku, a wanke wurin da sabulu, a ƙona allura ta huce, a huda gefensa, a matse ruwan, a bar fatar a kai. Masu yage fatar su ne masu kwana da gyambo. Safa ƙafa uku ake riƙewa: ɗaya a ƙafa, ɗaya rataye a bayan jaka tana shan iska, ɗaya busasshiya don dare. Ga ƙarangiya kuma, wadda ke cika safa da bakin wando bayan damina. Tsohon mataji ya fi yatsa cire ta. Matsematsin cinya da hammata a shafa musu man kaɗanya tun da safe, kafin gogayya ta saɓule su.

Ruwa ya fi komai kashe tafiya, har ya kashe mai tafiyar. Fataken da suka riƙa bin hanyar Katsina zuwa Agadas ba sa yanka zango sai inda rijiya take, kuma har yau dabarar ke nan: a fara jera wuraren ruwa, sannan a gina kwanakin a kansu. A lokacin hunturu lita huɗu zuwa biyar a yini kan wadatar. A bazara, Maris zuwa Mayu, da zafi ke haura digiri 40, mai tafiya da kaya zai iya zubar da kusan lita guda ta gumi cikin awa ɗaya, don haka doguwar tafiya a wannan lokaci ganganci ce kawai. Iskar hunturu ma tana yaudara: gumi na bushewa nan da nan, mutum bai ga jiƙa ba sai ya ɗauka bai rasa komai ba. Fitsari ne ma'auni. In ya koma kalar shayi ko ya ƙi zuwa tun safe, an makara da sha. A riƙa kurɓa kowane minti ashirin, kuma a raba ruwan gora biyu ko uku, kada huda ɗaya ta tafi da shi duka. Wanda ruwansa bai wuce na sha ba, taimama ta halatta masa.

Ruwa zalla bai mayar da gishirin da gumi ya kwashe, shi ya sa wasu ke sha sosai amma jijiya na ɗaurewa. A lita ɗaya a zuba ƙaramin cokali shida na sukari, a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. In abokin tafiya ya fara sambatu ko tangaɗi, jikinsa ya yi zafi rau, ba gajiya ba ce, zafin rana ne ya buge shi: a kai shi inuwa, a jiƙa shi, a yi masa fifita, a nemi babur zuwa asibiti.

Ruwan tafki da na rijiyar da ba murfi sai an gyara. Mutane da yawa na jefa alif, su ga ruwa ya kwanta garau, su sha. Alif laka yake kwantarwa, ba ya kashe ƙwayar cuta. A tace da kyalle mai tsabta, sannan a tafasa ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko a sa maganin kulorin gwargwadon abin da aka rubuta a jikinsa a jira minti 30. Wanka a kududdufi kuwa hanyar tsargiya ce.

Lokacin tafiya ma ana kuskurensa. Mai kaya yana cin kilomita uku zuwa huɗu a awa, cikin rairayin wajen Daura ƙasa da haka. A tashi da an sallame asuba, a yi tafiya zuwa ƙarfe 11, a kwanta a inuwa har la'asar, sannan a ƙara awa biyu. Gawo na da ganye da rani, tsamiya ma inuwarta ba ta yankewa. Ranar farko kada a wuce kilomita 15 ko da jiki na ƙaiƙayi. Ciwon ranar farko a rana ta uku yake biyan bashi. In za a tambayi nisa, “nan kusa ne” na mutumin ƙauye zai iya zama awa uku. A tambaye shi haka: “Baba, in na tashi yanzu a ƙasa, zan riski magariba a can?”

Guzuri ba ya son dogon bayani. Garin kwaki, ƙuli-ƙuli, sukari, dabino, soyayyar gyaɗa, dakuwa da kilishi, kimanin giram 700 a rana. Fura da dafaffen abinci na yinin farko ne, a sayi sabo a ƙauyen gaba.

Wajen kwana, a sauka da sauran haske. Yashin busasshiyar korama na da daɗin kwanciya, amma da damina ruwan da aka yi a wani gari zai iya isowa tsakar dare. A nisanci suri, tarin duwatsu da tulin kara. A shimfiɗa leda ƙarƙashin tabarma, domin sanyin hunturu ta ƙasa yake shiga, a ɗaura gidan sauro a cusa gefensa. Da safe a zazzage takalmi kafin a zura ƙafa saboda kunama, kuma ko fitsari za a je da dare a riƙe tocila. In kububuwa ta yi sara, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. Dafinta hana jini daskarewa yake yi, tsagawa kuwa ƙofa ce aka buɗe wa jinin. A cire zobe da agogo, a ɗora sanda a naɗe gaɓar don kada ta motsa, a ɗauki mutum zuwa asibitin da ke da allurar dafin maciji. Farasitamol kaɗai za a ba shi, ban da asfirin.

Hanya kanta sai an zaɓa. Dajin Rugu da yankunan Jibiya, Batsari, Safana da Ɗanmusa sun sha fama da 'yan bindiga, ba wurin tattaki ba ne. Ko a gabas, wajen Sandamu, Zango da Ɓaure, baƙon da ya kwana a bayan gari ba wanda ya san da shi zargi yake jawo wa kansa. A shiga gari a gaida mai gari, a nuna katin shaida, a faɗi inda aka fito da inda aka nufa. Sau da yawa shi zai ba da zaure. A yi sallama daga nesa kafin a doshi ruga, saboda karnuka. Waya a sauke mata taswira tun a gida, a kashe mata sabis sai lokacin kira, don neman sabis a daji ne ke cinye caji, kuma kusa da iyaka takan kama layin Nijar. A bar wa wani a gida jerin zangon a rubuce, da lokacin da za a kira kowace rana, da sa'ar da zai fara nema in ya ji shiru.