Kurakuran da ke lalata jelin lemu a gida, da yadda ake gyara su

Duk wadda ta taɓa dafa farfesun ƙafar sa a Jos cikin watan Disamba, ta bar sauran romon ya kwana a tukunya, ta san jeli tun kafin ta ji sunansa. Da safe za ki tarar romon ya kama jikinsa yana rawa, kina ɗora shi a wuta kuma ya koma ruwa. Abin da ya daskarar da shi shi ne jelatin, wanda ke fita daga fata da ƙashi da jijiya idan sun daɗe a kan wuta. Garin jelatin da ake sayarwa a shagunan kayan kek shi ɗin ne dai, an tace shi, an busar. Sanyi ke kama shi, zafi ke sakinsa. Ki riƙe wannan hali nasa a ranki, domin yawancin jelin da ya ƙi kamawa a gidajenmu, wajen zafi da sanyi aka kuskure masa.

Ni nakan yi jelin lemu ne daga ƙarshen damina zuwa hunturu, lokacin da motocin lemu ke shigowa daga Binuwai, ya yi araha a Farin Gada da wajen Taminus. Ma'aunina shi ne ruwan lemun zaƙi rabin lita, wato daidai cikin ledar fiya wata ɗaya, wanda lemu bakwai ko takwas matsakaita ke bayarwa. Garin jelatin babban cokali ɗaya a shafe, kimanin giram 10. Ruwan sanyi babban cokali biyar na jiƙa shi. Sukari babban cokali uku zuwa huɗu. Sai ruwan rabin lemun tsami.

Ɓarnar farko tun a kasuwa take farawa. Wasu na tsallake koren lemu suna neman mai ruwan ɗorawa, a zatonsu shi ne nunanne. Lemun ƙasashe masu zafi yakan nuna sarai alhali bayansa kore ne, don sai da sanyin dare sosai ɓawon ke juya launi. Ki ɗauka a hannu ki ji nauyinsa. Mai nauyi, mai siririn ɓawo, shi ne mai ruwa.

Sai maganar ɗaci, wadda ita ta fi ɓata mini rai, saboda jeli zai iya kamawa ya yi kyau a ido, yara su ɗanɗana cokali ɗaya su ture. Ki lura da yadda mai lemu ke ferewa: yana cire koren saman, ya bar farin. To a koren nan ƙamshi yake, a farin kuma ɗaci. Uwargida sai ta sayi ferarren lemu ta yanka, ta watsa a bilenda da farin da 'ya'yan cikin gaba ɗaya don ta huta da matsa. Ruwan da zai fito ko kin juye masa rabin kwalin sukari ɗacin na nan a bayan harshe. Ki raba lemun biyu ki matse da hannu ko da abin matsa lemu, kada ki tsananta har ki murje farin, sannan ki tace da rariya mai laushi. In kina son ƙamshi ya fito, ki wanke lemu ɗaya da kyau, ki goga koren bayansa kaɗai a abin goga kuɓewa, ki jefa a ruwan ɗumin da za ki narkar da sukari, bayan minti biyar ki tace.

Akwai kuma ɗacin da ke zuwa daga baya. Ki matse lemu da safe ki ɗanɗana garau, da yamma ki ji ya canza. Wani sinadari ne mai suna limonin ke tasowa a ruwan bayan an matse, ya fi yawa a lemun nan mai cibiya a ƙasa, zafi kuma na gaggauta fitowarsa. Don haka ban matse lemu sai na tashi haɗawa, kuma ban ɗora ruwan lemun duka a wuta. Tafasasshen ruwan lemu ɗanɗanonsa daban ne, kamar na lemun kwali da ya daɗe a rana.

Yanzu jelatin ɗin kansa. Kuskuren da kusan kowa ke fara yi shi ne ta ɗebi garin ta zuba kai tsaye a ruwan zafi, kamar mai dama koko. Nan take bayansa zai jiƙe ya manne, cikinsa ya zauna a bushe, ki samu gudaji masu danƙo da ba sa narkewa ko kin kwana kina juyawa. Jelatin sai an fara jiƙa shi da ruwan sanyi. Ki zuba ruwan a ƙaramin kwano, ki barbaɗa garin a kai a hankali, kada ki jibge shi wuri ɗaya, ki bar shi minti 5 zuwa 10. Zai sha ruwan ya kumbura ya zama kamar soso. Sannan ki ɗumama ɗan ruwa ko kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan lemun tare da sukari, ki sauke daga wuta, ki saka jiƙaƙƙen jelatin ki juya har ya ɓace. Ki ɗebo a cokali ki duba a haske; in kin ga ƙwayoyi kamar yashi, bai gama ba.

Na ce ki sauke kafin ki saka, domin tafasa tana raunana shi, musamman a ruwa mai tsami. Zafin da yake buƙata bai wuce digiri 50 zuwa 60 ba, wato zafin shayin da za ki iya kurɓa a hankali. Wata kuma takan kauce wa wannan ta faɗa kishiyarsa: ta juye narkakken jelatin cikin ruwan lemun da ta ciro daga firji yanzun nan. Yana taɓa sanyin sai ya daskare zare-zare kamar taliya. Ruwan lemun ya kasance ba sanyi ba zafi, kuma shi za ki riƙa zubawa cikin jelatin kaɗan-kaɗan kina juyawa.

Aunawa da ido ma na cikin abin da ke kayar da mu. Mun saba da miya, a ɗebi gishiri da yatsu a dace. Jeli bai yarda da haka ba. Giram 7 na kama rabin lita na ruwa marar tsami, kamu mai laushi na ci a kofi. Tsami yana rage masa ƙarfi, shi ya sa na kai nawa giram 10. Idan kuma jelin lemun tsami zalla kike so, kada ki cika rabin litar da ruwansa, ba mai iya shan haka, kuma da ƙyar zai kama. Kashi ɗaya lemun tsami, kashi uku ko huɗu ruwa, da ƙarin sukari. In kuwa kika zarce da jelatin, za ki samu abu mai tauri da cokali ke tsalle a kansa, ɗanɗanon lemun ya ɓuya. Abin daɗin shi ne duka biyun suna gyaruwa. Wanda ya ƙi kamawa bayan ya kwana, ki ɗora kwanon a cikin ruwan zafi ya narke, ki jiƙa ƙarin jelatin cokalin shayi ɗaya ki narkar a ciki, ki mayar firji. Wanda ya yi tauri, ki narkar haka nan ki ƙara ruwan lemu. Kada ki zubar. Sukari kuma ki ɗanɗana tun haɗin na da ɗumi, ki bari ya ɗan fi yadda kike so, saboda sanyi na danne zaƙi.

Wata rana da azumi ƙanwata ta kira ni dab da la'asar, muryarta duk ba daɗi. "Yaya, wallahi duk yadda kika ce haka na yi, tun jiya yake firji amma har yanzu ruwa ne." Na bi ta da tambaya ɗaya bayan ɗaya, ma'auni daidai, ta jiƙa, ba ta tafasa ba. Can sai ta ce, "Sai dai na ɗan markaɗa abarba da citta na zuba, saboda Baban Ummi na son ƙamshinsu." Nan matsalar take. Ɗanyar abarba da gwanda da kiwi da ɗanyar citta duk suna da sinadarin da ke narkar da furotin, irin wanda ya sa ake nannaɗe nama mai tauri da ganyen gwanda don ya yi laushi. Jelatin kuwa furotin ne, suna haɗuwa sai su daddatse shi, ko kwana nawa zai yi a sanyi ba zai kama ba. Maganin shi ne wuta: ki tafasa abarbar ko cittar na 'yan mintuna kafin ki haɗa, zafi na kashe sinadarin. Abarbar gwangwani ba ta da wannan matsala don an riga an dafa ta. Lemu, tanjarin, lemun tsami, da sitiroberin da ake nomawa nan wajen Vom, duk ba ruwansu, ki zuba su ɗanye. Ranar dai ƙanwata ta zuba nata a kofuna da ƙanƙara aka sha a matsayin lemu, washegari ta sake sabo.

Gaggawa ce ke kai mutane firiza. Jeli na son awa huɗu aƙalla a firji, ya kwana ya fi. In kika jefa shi firiza ya zama ƙanƙara, yana saki za ki ga yana tsatso ruwa, jikinsa ya farfashe. In lokaci ya ƙure miki, ki raba shi ƙananan kofuna, ko ki ɗora kwanon a kan ruwan ƙanƙara kina juyawa har ya fara kauri, sannan ki kai firji. Kada kuma sanyin Jos ya ruɗe ki. Gaskiya garin na kan tudu, kimanin mita 1,200 sama da teku, kuma daren hunturu kan sa jeli ya ɗan kama a bakin taga, amma rana na ɗagawa zai saki, ga ƙura, ga shi ruwan 'ya'yan itace ba ya son zama a waje. Idan an ɗauke wuta, ki daina buɗe firjin, ko ki sayi ƙanƙara ki jera kofunan a kula ki rufe.

Jelatin na narkewa ne a wajen digiri 35, ƙasa kaɗan da zafin jikin mutum, shi ya sa yake narkewa a baki da daɗi. Shi ya sa kuma ba a ɗaukarsa a mota a kai wa 'yan uwa Abuja a watan Maris. Don irin wannan tafiya, ko teburin walima da zai daɗe a waje, agar ya fi, wani gari da ake samu daga ciyawar teku. Sai dai halinsa kishiyar na jelatin ne, kuma wadda ta bi da shi yadda ta saba za ta yi asara. Shi dole ya tafasa a ruwa minti biyu zuwa uku kafin ya narke. Yana kamawa ko ba firji da zarar ya huce, ba ya kuma saki sai zafi ya kai wajen digiri 85. Cokalin shayi ɗaya da rabi zuwa biyu ya isa rabin lita. Ki tafasa shi a ruwa zalla da sukari, ki sauke, sannan ki zuba ruwan lemun da kika ɗan ɗumama, ki juye a mazubi da sauri. Tafasa shi tare da tsami na karya shi. A baki dai ya fi garas-garas, ba ya rawa irin ta jelatin, ni kuma in don ci a gida ne jelatin na fi so.

Agar ya kuma raba mu da wata damuwa. Kaso mai yawa na jelatin da ake yi a duniya daga fatar alade ne, don haka gare mu Musulmi sayen garin da aka ƙulla a leda ba suna ba bayani kuskure ne babba. Ki nemi wanda aka rubuta na saniya ne ko na kifi, mai tambarin halal, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Haka ma jelin kwali mai launi, ki karanta abin da ke ciki kafin ki biya kuɗi.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma suna nunawa. Tukunyar alminiyam ba ta shiri da tsami, tana ba shi ɗanɗanon ƙarfe. Ki yi da ta ƙarfen nan marar tsatsa (sitenles) ko kwanon tangaran. Ki rufe jelin a firji, in ba haka ba zai kwashi warin albasa da daddawa. Yankakken lemu ko tanjarin da kike son ya tsaya a tsakiya, ki jira haɗin ya yi kauri kamar ɗanyen farin ƙwai kafin ki saka, kuma ki ɓare siririyar rigar da ke jikin kowane ɓari. Madara ba a zuba ta cikin ruwan lemu, tsinkewa take yi; in kina son hawa biyu, ki yi na madara daban da nasa jelatin, ki bari na ƙasa ya kama, na saman ya huce, sannan ki zuba a hankali ta bayan cokali. Wanda ke shan maganin hawan jini ko na rage kitsen jini, kada a yi masa da garehul sai an tambayi likita, domin yana canza aikin wasu daga cikin magungunan nan a jiki.

In za ki kife shi a faranti don baƙi, ki shafa ɗan mai marar ƙamshi a mazubin tun kafin ki zuba. Idan ya kama, ki tsoma gindin mazubin a ruwan ɗumi daƙiƙa biyar zuwa goma, ki ɗan janye gefen da jiƙaƙƙen yatsa iska ta shiga, ki ɗora faranti ki juya. Ki yayyafa wa farantin ruwa tukuna, don in jelin ya sauka a karkace ki iya tura shi tsakiya. Abin da ya rage ki rufe ki mayar firji, a cinye shi cikin kwana uku.