Darasi na 7: Bindigar Iska Mai Tukunya

Akwai wani dattijo a ajinmu na yamma a Agege, mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12, yana kuma da 'yar gonar kaji a bayan Ikorodu. Ran nan da aka tashi darasi sai ya dakata, ya miƙo mini wayarsa.

"Malam, duba mini wannan hoton. Ɓera da gafiya sun hana ni sakat, buhun abincin kaji ba ya kwana lafiya. Guba kuwa ina tsoron kada kaji su ci. An ce wannan bindigar ba ruwanta da albarushi, iska kawai ake hura mata. Ashe dai ta wasan yara ce?"

Na ce, "Alhaji, wanda ya ce maka iska take ci bai yi ƙarya ba. Amma wanda ya ce ta wasan yara ce bai taɓa riƙe ta ba."

Daga wannan hira darasinmu na yau ya fito. A karanta shi a hankali, sakin layi ɗaya bayan ɗaya, domin akwai lambobi a ciki, kuma a nan kuskuren karanta lamba yana iya jawo asarar ido ko hannu.

Yadda take aiki

A jikin kwalinta za ka ga haruffa uku: PCP. Abin da suke nufi shi ne bindigar da ake ɗura wa iska tun kafin a fita harbi. A ƙarƙashin bututunta akwai tukunya, wata doguwa kamar gora, wata kamar kwalba. A cikinta ake danne iskar. Idan ka ja kunama, wani ɗan ƙarfe ya doki bawul, bawul ya buɗe na ƙiftawar ido, iska kaɗan ta kufce ta ingiza harsashi, sannan ya koma ya rufe. Ɗuri ɗaya kan ba da harbi 30 a wata bindigar, a wata fiye da 100. Ba ta dukan kafaɗa kamar adaka, ba hayaƙi, ƙararta kuma ba ta kai ta mai albarushi ba. Wannan sauƙin nata shi ke sa sabon shiga ya raina ta.

Dabarar ma ba ta yau ba ce. Wajen 1779 wani maƙeri mai suna Girandoni ya ƙera irinta, sojojin Ostiriya kuma suka riƙe ta a fagen fama shekara da shekaru. Kafin tukunyarta ta cika sai an buga famfo wajen sau 1,500. Abin da aka taɓa zuwa yaƙi da shi ai ba a miƙa wa yaro shi ya yi wasa a tsakar gida.

Takarda kafin bindiga

Dokar Bindigogi ta Najeriya ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Bindigar iska tana gida ɗaya da bindigar farauta mai baki biyu, wato waɗanda ba a mallakarsu sai da lasisi daga Sufeto Janar na 'yan sanda. Dokar ta hana a ba wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da marar kamun kai, da wanda kotu ta kama da laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Lasisin na wanda sunansa ke jiki ne. Bai rufe ƙaninka ba, bai rufe maigadin gonarka ba.

Saboda haka tafiyarka ta farko ba wurin mai sayarwa ba ce. Ka je hedkwatar 'yan sandan Jihar Legas da ke Ikeja ka tambaya ko ana ba da sabon lasisi a wannan lokaci, don akan dakatar da bayarwa. In an ce a'a, ka mai da kuɗinka aljihu ka sayi tarko. Duk dillalin da ya ce maka "ai ta iska ce, ba ta bukatar takarda", ka tuna ba zai kasance tare da kai a shingen bincike ba. Da dare a titin Ikorodu, ɗan sanda ba zai tsaya tantance ta iska da ta wuta ba. In ka samu lasisi, ka riƙa ɗaukarta cikin jakarta, ba harsashi a ciki, takardar kuma tana jikinka.

Iskar ita ce albarushin

A nan za mu daɗe, don nan ne aka fi yin ɓarna.

Ana auna ƙarfin iskar da aka danne da wani ma'auni da ake kira bar. Tayar ƙaramar mota takan ɗauki bar 2 zuwa 2 da rabi. Tukunyar wannan bindiga kuwa takan ɗauki bar 200, waɗansu 250, waɗansu har 300. Ka lissafa: kusan ninki ɗari na tayar mota ke nan, a cikin abin da kake rungumewa kusa da fuskarka. Iyakar da taka za ta ɗauka a rubuce take a jikin tukunyar. Nemo lambar, ka kwafe ta a littafinka. A jikin bindigar akwai ɗan agogo mai allura da ke nuna abin da ya rage. Wani agogon da wani ma'auni mai suna psi yake ƙirga ba da bar ba, to ka sani psi 3,000 ya ɗan ɗara bar 200 kaɗan. Kada ka wuce iyaka da tunanin za ta ƙara ƙarfi. Akasin haka ke faruwa: iskar ta danne bawul, ya kasa buɗewa sosai, harsashi ya fita a gajiye ko ya maƙale.

Alhaji ya ce, "To ai da sauƙi, Malam. Akwai mai faci a bakin layinmu."

Injin mai faci da ƙyar yake wuce bar 10, ko allurar agogon ba zai ɗaga kirki ba. Hanyoyin ɗuri uku ne: famfon hannu na musamman, ko babbar tukunya irin ta masu nutso a teku, ko injin lantarki da aka yi don wannan aiki. Ga mai farawa na fi son famfon hannu. Ya fi araha, ba ruwansa da ɗauke wuta, kuma wahalarsa tana koya wa mutum girmama abin da yake tarawa. Kamarsa ɗaya da famfon keke, sai dai nauyi. Bugun farko-farko ba wuya. Da allura ta haura 150 sai ka ji kamar kana danna turmi, dole ka miƙe hannuwa ka sauke nauyin jikinka gaba ɗaya a kai. Kada ka yi sauri. Ja shi har sama, ka ɗan dakata, ka danna har ƙasa. Bayan kamar minti biyar taɓa gindin famfon, za ka ji ya yi zafi. Tsaya ya huce, in ba haka ba zoben robar da ke ciki ya ƙone.

Ga yadda ake ɗurin. Tabbatar ba harsashi a ciki, ka juya bakinta wajen da ba kowa. Duba kan tiyon famfon, kada a sami yashi ko ƙura. Cusa shi a ƙofar ɗurin bindigar har ya zauna daram, ka ɗaure ɗan noti na sakin iska da ke jikin famfon, sannan ka fara bugu, idonka a kan agogo. Da ka kai lambar da ka kwafa, tsaya. Yanzu ga wurin da mutane ke mantawa: kwance wannan notin tukuna. Za ka ji "fuss", iskar da ta taru a tiyo ta fita. Sai bayan nan za ka zare shi. Wanda ya fizge tiyo da bar 200 a ciki, tiyon zai zabge shi kamar bulala, kan ƙarfen kuma yana iya tashi ya sami ido.

Abu biyu kuma ba a yin su ko da wasa. Na farko, kada ka kai ta wurin mai walda ya ɗura mata daga tukunyar oksijin ɗinsa. Tukunyar tana da ƙarfin da ake nema, shi ya sa shawarar ke da daɗin ji, amma oksijin zalla idan ya haɗu da ɗigon mai a cikin irin wannan matsi, wuta ce ke tashi, tukunyar ta tarwatse a hannun mai ita. Na biyu, kada baƙin mai ko giris ko man keken ɗinki ya kusanci ƙofar ɗuri, don shi ma yana kamawa a cikin matsi. Zoben roba man silikon kaɗai ake shafa masa, shi ma ɗan mitsitsi a kan yatsa. In ta fara yoyo, kada ka kwance komai alhali akwai iska a ciki. Ka kai wa wanda ya san aikinta.

Laimar Ikko

Mu da muka taso a Arewa mun saba da iska busasshiya. A nan kuwa ko wuƙa ka ajiye mako biyu sai ka tarar da tsatsa. Duk bugun famfo, da iska da laima kake turawa, laimar kuma takan zama ruwa a cikin tukunya ta ci ƙarfen daga inda ido ba ya gani. Saboda haka nemi famfo mai matatar da ke tsotse laima, ka riƙa canza ƙwayoyin cikinta in sun sauya launi. Yi ɗuri a cikin ɗaki, ba a waje bayan ruwan sama ba. Duk hutun da ka yi, kwance notin sakin iska, za ka ga ɗan feshin ruwa ya fita. Bayan aiki goge bayan ƙarfen da tsumma mai ɗan maiƙo.

Kada ka ajiye ta ba iska ko kaɗan, don iskar ce ke riƙe zoben roba a mazauninsa. Kada kuma ka bar ta a bayan mota cikin rana ana gosulo, zafi yana ƙara matsin da ke ciki. Wurin ajiyarta akwati mai kwaɗo, harsashi a wani wuri dabam, makulli a aljihunka.

Harsashi da wurin gwaji

Harsashinta 'yar darma ce mai siffar kalangu: kai a gaba, ƙugu siriri, baya a buɗe. Girman da aka fi samu biyu ne. Akwai .177, wato milimita 4.5, shi ake harbawa a gasar Olamfik daga nisan mita 10. Akwai .22, wato milimita 5.5, ya fi nauyi, kuma shi masu fama da ɓera suka fi so. Lambar tana jikin bututu, tana kuma kan gwangwanin harsashi, sai sun yi daidai. Wanda ya lanƙwashe a yar da shi. Darma guba ce: ba a riƙe ta a baki, a kuma wanke hannu kafin a ci abinci ko a ɓare goro.

Wannan 'yar ƙwaya tana iya tafiya fiye da mita 300, tana huda kwanon rufi, in ta daki siminti kuma takan dawo. Ka dubi yadda gidajenmu suke a Agege ko Idi-Araba, ɗaki na kallon ɗaki, yara ko'ina. Babu wurin gwaji a unguwa, ko kan bene. Sai a gona, inda ka san abin da ke bayan abin da kake nufi. Jera buhunan yashi, ka kafa kwali a gabansu, ka zana ɗigo da biro. Bakin bindiga ba ya kallon mutum ko da ka rantse ba komai a ciki, yatsa kuma ba ya shiga wurin kunama sai ka gama saiti. In ka yi shakkar ko ka riga ka sa harsashi, harba cikin yashi, kada ka ƙara wani a kai.

Fara daga mita 10, ka ɗora ta a kan buhu, ka harba biyar kana nufin ɗigo ɗaya. Kada ka taɓa madubin saiti, wato madubin hangen da ke saman bindigar, sai ka ga inda biyar ɗin suka taru. Sannan ka murɗa maɓallansa, na sama yana ɗagawa da saukewa, na gefe yana kai dama da hagu, kowace 'yar murɗa kuma za ka ji ya yi "ƙas". Koma mita 25 ka sake. A yawancin madubai, "ƙas" ɗaya a wannan nisa bai cika milimita 2 ba, don haka gyaran santimita 2 zai ci wajen ƙas 11. Ni dai a ganina, wanda bai iya tara harbi biyar a cikin faɗin murfin kwalbar lemo ba, bai isa ya nufi abu mai rai ba tukuna. Ko ɓera ne, a kashe shi farat ɗaya ya fi a bar shi yana jan ciki. Mushensa kuma ba a ɗauka da hannu saboda zazzaɓin Lassa, a kwashe da shebur a binne. Kada a yi harbi a cikin akurki, kaji na iya tsince darmar.

Aikin gida

Kwafi waɗannan kalmomi sau uku-uku: tukunya, kunama, bawul, tsatsa, lasisi.

Alhaji ya ɗura bindigarsa zuwa bar 200. Bayan harbi 40 allura ta sauka zuwa 120. Bar nawa ya tafi? Harbi ɗaya bar nawa ya ci?

Maƙwabcinka mai walda ya ce ka kawo ya cika maka ita kyauta. Rubuta layi biyu na amsar da za ka ba shi, ka zo da ita aji ranar Asabar.