Yadda ake cin moriyar fanka a bazarar Damagaram

A watan Afrilu da Mayu, idan ma'auni ya haura digiri 42 da azahar a Damagaram, kukan da aka fi ji a gidaje shi ne fanka wuta take hurowa. Gaskiya ne, kuma ba lalacewa ta yi ba. Fanka ba ta rage zafin iska ko da digiri ɗaya, motsa ta kawai take yi. Wutar da take ci ma, wat 60 zuwa 75 ga fankar sama, duk zafi take komawa a cikin ɗakin, ga kuma wat 100 da jikin kowane mutum a zaune yake fitarwa. Saboda haka barin ta a kunne a ɗakin da babu kowa, wai don ya huce kafin a dawo, asarar kuɗi ce da ƙarin zafi.

Jiki take sanyayawa, ta hanya biyu. Fatar mutum tana kusan digiri 35. Idan iskar ɗaki ba ta kai haka ba, fanka tana kore iskar da ta ɗumama a jikin fata ta kawo wadda ta fi ta sanyi. Da zarar iskar ta wuce 35 lissafin ya juye, zafi take ɗorawa a jiki, kuma ƙara gudunta ƙara ɗorawa ne. Abin da ya rage shi ne hanya ta biyu, bushewar gumi. Lita ɗaya ta ruwa, kafin ta tashi ta bi iska, sai ta kwashi zafin da ya kai kilojul 2,400, wato kusan wat 670 na tsawon awa guda. Wannan ne sirrin sanyin ruwan randa da na salka.

Matsalarmu a bazara ita ce iskar ta bushe ƙwarai, laimarta kan sauka zuwa kashi 10 ko 15 cikin ɗari. Gumi yana bushewa nan take ko babu fanka, don haka ba ta da abin da za ta ƙara busarwa, zafin kawai take turowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi amfani da fanka idan zafi bai kai digiri 40 ba. Sama da haka, sai an haɗa mata da ruwa: a jiƙa riga ko zane a yafa, a yayyafa ruwa a wuya, hannuwa da ƙafafu duk minti 10 zuwa 15. Tsofaffi ne suka fi bukatar wannan domin guminsu ya ragu, sai jarirai da marasa lafiya. Kada a kwantar da tsoho gaban fanka da rana tsaka jikinsa a bushe a ɗauka an taimake shi. Idan mutum ya fara ruɗewa ko magana barkatai, jikinsa ya yi zafi rau, a kwara masa ruwa, a yi ta fifita, a garzaya da shi likita.

Sanyaya iskar kanta

Bushewar nan da ke damun mu ita ce kuma damarmu. Iskar digiri 42 mai laima kashi 12, idan ta sha ruwa iya shanta, tana iya sauka har kusan digiri 20. Babu na'urar da ke kaiwa can. Na'urar sanyaya iska da ruwa, wadda sosonta ke da kauri, tana cin kamar kashi uku cikin huɗu na tazarar, ta fitar da iskar digiri 26 ko 27. Haɗin gida yana cin ƙasa da rabi, amma sauka daga 42 zuwa 33 ba ƙaramin sauƙi ba ne, don an koma ƙasa da zafin fata.

Ga yadda ake haɗin gidan. Kafinta ya buga firam na katako daidai girman tagar da ke ɓangaren inuwa. A miƙe buhun algarara a jikinsa, ninki ɗaya ko biyu, kada a wuce, in ya yi kauri iska ba ta ratsawa. Buhun leda ba ya shan ruwa, ba ya aiki. A gefen sama a ɗaure tiyo da aka huda da siririyar ƙusa duk santimita 3, a toshe ƙarshensa, ɗaya ƙarshen a haɗa shi da bokiti mai famfo da aka ɗora sama da tagar. A saita famfon yadda buhun zai jiƙe ko'ina ba tare da ruwa yana kwarara ba, a ajiye dogon mazubi a ƙasa ya tari ɗigo. Fanka ta tsaye tana cikin ɗaki, bayanta na kallon buhun, rabin mita tsakaninsu, ita da wayarta da soket duk nesa da ruwa. Asabari da aka jiƙa ma yana yi, sai dai yana saurin bushewa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne rufe ɗaki ruf kamar mai kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki ta AC. Kilim yana juya iskar ciki, yana zubar da zafin a waje, shi ya sa yake son ƙofa a rufe. Na'urar ruwa ba haka take ba. Busasshiyar iska take so daga waje kullum, wadda ta riga ta sha ruwa kuma dole ta samu mafita. In aka rufe, cikin rabin awa laima ta cika ɗakin, ruwa ya daina tashi, gumi ma ya daina bushewa, sai jiki ya yi ta danƙo. A jingina bayan na'urar da taga ko ƙofa, a buɗe wata tagar a ɗaya ɓangaren, faɗinta kamar ninki biyu na bakin na'urar.

Sai lissafin ruwa, wanda a garin nan ba abin wasa ba ne, balle a bazara da jarka ke tsada. Na'urar da ke tura iska mita kubik 1,000 a awa, tana rage mata digiri 15, tana shan kusan lita 7 a awa. Jarkar lita 25 ba ta kaiwa awa huɗu. Gara a ware mata lokacin da zafi ya fi tsanani, daga ƙarfe 12 zuwa 5, da farkon dare. A zubar da ragowar ruwan tankin a wanke shi duk mako, saboda gishirin ruwa yana taruwa ya daskare a soson ya toshe shi, kwantaccen ruwa kuma gidan sauro ne. Da damina ta kankama a ajiye na'urar: a Agusta, digiri 32 da laima kashi 70, ragin ba ya wuce digiri 3 ko 4. A lokacin fanka zalla ta fi amfani.

Ƙanƙara gaban fanka ba ta biyan kuɗinta. Kilo ɗaya kilojul 334 kawai yake sha kafin ya narke, kashi ɗaya cikin bakwai na aikin lita ɗaya da ta bushe. A sa ta a ruwan sha ya fi.

Rufi, bango da dare

Kwano a rana yana iya kaiwa digiri 65 ko 70, kuma hucinsa yana sauka kan mutum kai tsaye kamar na garwashi, iska ba ta kore shi. Fankar sama a ƙarƙashin kwano maras silin zazzafar iskar da ta taru a sama take saukowa da ita, don haka a irin wannan ɗaki ta tsaye ta fi. Maganin na asali silin ne, da ƙananan kafofi a bango tsakaninsa da kwanon don zafi ya fita, da farin fenti a bayan kwanon. Sorayen ƙasa na Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, suna da sanyin rana saboda kaurin bangonsu yana jinkirta zafi awanni kafin ya ratso.

Bulon siminti yana shan zafi da rana ya amayar da shi da dare, shi ya sa ɗaki kan fi tsakar gida zafi da ƙarfe 10 na dare. A rufe tagogi da labule daga ƙarfe 9 na safe. Da dare, idan waje ya fi ciki sanyi, a buɗe biyu masu fuskantar juna, a tsayar da fanka kamar mita ɗaya daga guda tana hurawa waje. Tana tura zafin ɗakin, sanyin asuba yana shigowa ta ɗayar. A bar ta haka har gari ya waye don bangon kansa ya huce.

Idan fankar ta rage gudu

Fankar sama mai faɗin mita 1.2 zuwa 1.4 tana son mita 2.3 aƙalla daga ƙasa, santimita 30 daga silin, rabin mita daga bango. In ta manne da silin ba ta samun iskar ja. Ƙurar hunturu da ta kwanta a fikafikai tana rage iska, tana sa girgiza, a goge duk mako biyu. Wadda ke gurnani ba ta tashi sai an tura ta da sanda, kondansa, 'yar na'urar da ke tayar da injin, ita ce ta mutu. A kashe wuta, a duba lambar da ke jikinta, galibi maikurofarad 2.5 ga ta sama, 1.2 zuwa 1.5 ga ta tsaye, a sa irinta daidai. Wadda ta fi girma tana ƙara gudu, amma tana gasa wayar inji. Ƙara mai kaifi matsalar boris ce, wato ƙarfen da sandar injin ke juyawa a cikinsa. Ta tsaye da ta yi tauri ɗigo biyu na man keken ɗinki take so a bushin gaba da baya, ba man gyaɗa ba, shi daskarewa yake yi. Idan wuta ta zo da rauni, ƙasa sosai da bolt 220, injin yana jan jiki yana zafi, a kashe har ta daidaita.

Don lokacin ɗaukewar wuta, fanka mai bolt 12 tana cin wat 15 zuwa 25. Batirin amfiya 100 yana riƙe wat-awa 1,200, amma rabi ake sha in ana so ya daɗe, wato awa 30 ga fanka ɗaya mai wat 20, ko dare guda ga uku. Farantin sola mai wat 150 yana mayar da wannan a yini ɗaya, muddin ana share masa ƙura.