Kayan da Ake Buƙata Kafin a Ɗora wa A-kori-kura Mai Turbo Babbar Giya Otomatik

Duk wanda ya taɓa ɗauko albasa daga Gada ko buhunan shinkafa daga Wurno a bayan Hilux mai turbo cikin zafin watan Afrilu ya san yadda giya otomatik take nuna gajiya: injin yana ruri, allurar juyi tana hawa, amma motar tana jan ƙafa, sannan canjin giya ya zo a makare ko ya zo da bugu kamar an doki ƙasan motar da taɓarya. Idan aka zaro sandar awon mai aka ga man da ya kamata ya kasance ja ya koma baƙi yana ƙauri, to faifan kulocin da ke ciki sun fara cinyewa. Wanda ya gyara giyarsa sau biyu ta sake komawa gidan jiya, musamman idan an ƙara wa turbo ƙarfi, yana da hujjar neman wadda ta fi ta ƙwari. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauka cewa sayen giyabos shi ne aikin, alhali a ganina bai kai rabinsa ba, domin giya tana da dangi, kuma ba ta zama lafiya a sabon gida sai an taho da su.

Za mu ɗauki Hilux mai injin dizal 1KD-FTV, mai lita 3.0, a matsayin misali. Wannan injin yana ba da ƙarfin juyi na Nm 343, kuma da yawa daga cikin waɗannan motoci sun zo da giyar kamfanin Aisin mai hawa huɗu ta dangin A340. Wadda aka fi komawa gare ta ita ce A750F mai hawa biyar, wadda Toyota ta sa a Land Cruiser da Prado. Sai dai lambar A750F kaɗai ba ta wadatar ba, saboda ƙoƙon gaba, wato ɓangaren da ake ɗaure giya a bayan inji da shi, ya bambanta gwargwadon injin da giyar ta fito daga bayansa. Wadda aka ciro daga Land Cruiser mai fetur V8 ko daga Prado mai V6 ba za ta hau kan 1KD ba, ramukan notinta ma ba za su fuskanci na injin ba. Saboda haka ko a Ƙofar Ruwa ta Kano za a yi oda, ko a Panteka ta Kaduna, ko a Ladipo ta Legas, a nemi a turo hoton farantin lambar da ke jikin giyar, kuma a dage cewa duk sauran kayan su fito daga mota guda. Dillali zai ce maka, "Alhaji, ai duk ɗaya ne, zai shiga." Sau da yawa yana shiga ɗin, amma shiga daban, aiki daban.

Na farko a cikin dangin ita ce kwanbata, wannan ƙarfen mai kama da kabewa da ke tsakanin inji da giya, wanda ke miƙa wa giya ƙarfin inji ta hanyar mai. Dole ta zama ta giyar da aka saya, kuma ta injin dizal, domin dizal mai turbo yana ba da ƙarfinsa tun daga wajen juyi 1,400 a minti, ita kuwa kwanbatar fetur an yi ta ne ta bar inji ya ƙara hawa kafin ta kama sosai, kuma wannan santsin duk zafi yake zama a cikin mai. Tare da ita ake buƙatar siririn faifan da ke maye gurbin fulawil a mota otomatik, da zobban da ke gaba da bayansa, da notinsa na asali, sannan a tabbatar haƙoran sitata suna cizon haƙoran faifan daidai. Wajen sakawa, ana zura kwanbata a cikin giya tun tana ƙasa, ana juya ta a hankali ana turawa, har a ji ta faɗa ciki mataki biyu ko uku. Bayan an haɗa giya da inji, ya kamata a ga tazarar milimita 3 zuwa 5 tsakanin kwanbata da faifan, kuma ta riƙa juyawa da hannu. Na taɓa tsayawa a wani gareji a nan Sakkwato ina kallo yaran bakanike suna jan giya da noti don ta matso, saboda ta ƙi haɗuwa da ɗan yatsa guda; kwanbatar ce ba ta zauna ba, kuma da aka tada injin famfon man giyar ya riga ya fashe, motar ko taku ɗaya ba ta yi ba. Tunda giya tana ƙasa, wannan ne lokacin canza sil ɗin bayan inji da na gaban giya, domin kuɗinsu kaɗan ne idan aka kwatanta da ladan sake sauke ta.

A bayan giyar kuma akwai akwatin da ke raba ƙarfi zuwa tayoyin gaba, wanda makanikai ke kira okzilari. Mafi sauƙi shi ne a saye shi manne da giyar, amma a lura cewa na Prado yana jan tayoyi huɗu a kowane lokaci, na Hilux kuwa sai an saka, don haka wanda yake son tsarin Hilux sai ya nemi wanda ya dace da sandar bayan sabuwar giyar a yawan haƙora da tsawo. Da zarar tsawon giya ya canza, farfelar baya da ta gaba, wato sandunan da ke kai juyi zuwa aksul, sun tashi daga awonsu, ɗaya za a rage, ɗaya a ƙara. Wannan ba aikin mai walda na bakin titi ba ne, sai wanda yake da injin daidaita nauyi, in ba haka ba motar za ta riƙa karkarwa da zarar ta wuce kilomita 80 a awa, har ta cinye kuros da sil. Haka nan ƙarfen da ke gicciye a shasi yana ɗauke da wutsiyar giya, da mawuntin ɗin roba, yawanci sai an canza su ko an matsar. Aksul dai ba lallai a taɓa shi ba, saboda giyar ƙarshe ta A750F tana kan 0.716 (wato yawan juyin inji a duk juyi ɗaya na farfela), ta A340 kuma kusan haka take, sai dai giya ta ɗaya da ta tashi daga 2.80 zuwa 3.52, abin da zai sa motar ta fi sauƙin tashi da kaya daga cikin yashi. 

Inda aikin ya fi tsayawa shi ne wajen wuta. Tsohuwar giyar tana aiki da sulanoyid, wato bawul na wuta da ke buɗe wa mai hanya, uku ko huɗu, A750F kuwa bakwai gare ta, kuma kwamfutar da ke sarrafa waccan ba ta san yaren wannan ba. Ana buƙatar birenbos, wato kwamfutar sabuwar giyar, da damin wayoyinta cikakke da soket-soket ɗinsa ba tare da an datse su da almakashi ba, da na'urorin auna gudu, da makunnin da ke hana mota tashi sai a P ko N, wanda shi ne kuma ke kunna fitilar ribas. Kwamfutar giya tana son sanin yadda aka taka totur da juyin inji da taka birki, don haka sai ta yi magana da ta inji. Idan har sai an canza ta injin, to a taho da makulli da na'urar da ke tantance shi, in ba haka ba motar ba za ta tashi ba. Akwai kuma kwamfutoci masu zaman kansu da ake yin odarsu daga waje, waɗanda suka fi dacewa da injin da aka ƙara wa ƙarfi, saboda ana iya ɗaga matsin mai ya bi hawan turbo. Kowace hanya aka bi, a samu rewaya mai karanta zanen waya kafin a kashe ko sisi. Libar giya da kebul ɗinta su ma na sabuwar za a saka.

Sai sanyaya mai, kuma a ƙasar da zafin inuwa ke haura digiri 40 a bazara wannan ba ado ba ne. Man giya yana son zama a wajen digiri 80, kuma idan ya daɗe sama da 120 yana ƙonewa, ya tafi da kuloci. Ƙaramin bututun da ke ratsa ƙasan lagireto bai isa motar da ke jan kaya a hanyar Illela da tsakar rana ba, don haka a ƙara wata na'urar sanyaya mai a gaban lagireto, a jera ta bayan ta asali, a wurin da iska ke dukanta kai tsaye. A yi amfani da tiyo na man giya, kada a sa na ruwa ko na fetur, kuma a nisanta shi daga bututun hayaƙin da ke saukowa daga turbo, a sa garkuwar ƙarfe inda suka kusanci juna. Idan tsohuwar giyar ta ƙone, garin ƙarfenta yana maƙale a cikin bututai da lagireto, kuma zai shiga sabuwa a ranar farko idan ba a wanke su sosai ba. Ni dai na fi son a canza su gaba ɗaya. Agogon zafin man giya a kan dishbod ƙaramin kuɗi ne, kuma ƙurar hunturu tana toshe fikafikan na'urar, saboda haka a riƙa hure su da iska.

Kafin a ɗora giyar a kwance farantin ƙasanta a duba maganaɗisun da ke ciki: laushin toka ba laifi ba ne, amma ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli dalili ne na mayar da ita wurin mai ita. A sa sabuwar matata da gasket. Yawancin A750F man Toyota WS suke sha, suna ɗaukar sama da lita 10 idan har da kwanbata, kuma ba su da sandar awo. Ana cika su ne ta gefe, a kwance notin ambaliya da ke ƙasa inji yana aiki, mota tana kan shimfiɗaɗɗen wuri, man kuma yana da ɗumin da bai kai digiri 60 ba. A Sakkwato wannan awo aikin bayan sallar asuba ne, domin da rana man yakan wuce wannan ɗumi kafin bakanike ya gama shiga ƙarƙashin motar. Gwajin farko a yi shi babu kaya, da na'urar sikana mai karanta kwamfutar mota a jone, a fita hanyar Bodinga a ƙirga canji huɗu, a ga kwanbata ta kulle a kan gudu, a gwada maleji da na wayar hannu, sannan a dawo a duba yoyo a kowace mahaɗa kafin a ɗora buhu ko guda.