Kurakuran da aka fi yi da na'urar auna kulorin ta lantarki

Wannan na'ura, mai auna kulorin a ruwan sha, ba ta dogara da sauyin launin ruwa ba. A bakinta akwai siririn tantani, bayansa ruwan gishiri da ƙarafa biyu, galibi zinare da azurfa. Kulorin ya ratsa tantanin ya taɓa zinaren, sai 'yar wuta ta gudana gwargwadon yawansa. Ita ake gani a matsayin lamba a allo.

Uwar kurakurai ita ce mantawa da pH, wato ma'aunin tsamin ruwa (ƙaramar lamba, tsami mai yawa). Sakakken kulorin, wato wanda bai haɗe da amoniya ba, iri biyu ne a cikin ruwa, masana suna rubuta su HOCl da OCl⁻. Yawancin na'urorin HOCl kaɗai suke ji. A pH 6.5 kusan kashi 90 cikin ɗari HOCl ne, a 7.5 rabi, a 8.5 kuwa kashi 10 ne kacal. To ka ga, da pH ya hau sai lamba ta faɗi alhali kulorin yana nan. Ma'aikaci ya tsorata ya ƙara zubawa, ruwa ya ɗauki wari, jama'a su ƙi sha. Maganinsa a haɗa ta da ma'aunin pH mai gyara lissafin, kuma a duba shi kafin a taɓa famfon zuba magani. Dama HOCl ne ya fi kashe ƙwayoyin cuta, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a samu aƙalla 0.5 mg/L (miligiram a kowace lita) na sakakken kulorin bayan minti 30 da zuba shi, pH kuma ƙasa da 8.

Sai gudun ruwa. Na'urar tana cinye kulorin da ke bakinta, don haka dole sabon ruwa ya riƙa wucewa ba yankewa, galibi lita 30 zuwa 60 a awa. Kumfar iska ta maƙale a tantani ma lamba za ta sauka.

Wajen saiti kuma gaggawa ce ke cutar mutane. Da ƙwayar gwaji ta DPD 1 ake gwadawa, mai mayar da ruwa mai kulorin ruwan hoda, sannan a daidaita lambar na'urar da sakamakon. A ɗebi ruwan daga mafitar na'urar, a karanta nan take. Kwalbar da ta sha rana a hannu ta riga ta zubar da kulorinta. Sabuwar na'ura, ko wadda aka ɗauke mata wuta, tana buƙatar awanni kafin ta nutsu. A garin da wuta ke wasan ɓuya, a sa mata batir.

Ruwan gishirin cikinta kuma ana sauya shi duk bayan 'yan watanni, tantanin kamar sau ɗaya a shekara, kuma ba a goge shi da tsumma.