Yadda ake tsoma ruwan wuƙa na sitenles a naitirojin don ya ƙara tauri

Sitenles, wato ƙarfe mara tsatsa, irin AEB-L ko 440C ba ya gama taurara da zarar ya huce bayan gashi. Wani sashe na cikinsa, wanda ake kira ostenait, yakan zauna da taushinsa, sai sanyi mai tsanani ne ke juya shi ya koma matensait mai tauri. Amfanin aikin ke nan, kuma ribar takan kai maki 1 zuwa 2 a ma'aunin tauri na Rockwell.

Da farko a naɗe wuƙar cikin siririyar takardar sitenles, a ninke bakin sau biyu don kada iska ta ci ƙarfen. Idan AEB-L ne, a gasa a tanderun lantarki a digiri 1,060 zuwa 1,080 na Salshiyos, minti 15. A ciro da awartaki, a matse ta tsakanin faranti biyu masu kauri na alminiyom har hannu ya iya riƙe ta.

Daga nan kada a jinkirta. Wanda ya bar wuƙar ta kwana, ko ya fara sassauta ta da wuta tukuna, ostenait ɗin zai zauna daram, sanyin kuma ba zai juya shi duka ba. A cire takardar, a zura waya a ramin ƙota, a sauke wuƙar a hankali cikin tulun naitirojin, wato iskar da aka sanyaya har ta zama ruwa, irin wanda likitocin dabbobi ke ajiye maniyyin shanu a ciki. Sanyinsa digiri 196 ne ƙasa da sifili. Naitirojin ɗin zai tafasa, sannan ya lafa. Awa guda ta wadatar. Masu bari ta kwana a ciki ba su yi ɓarna ba, amma taurin kusan ɗaya ne. In babu naitirojin, busasshiyar ƙanƙara (daskararriyar iskar kabon dayoksaid) cikin asiton (sinadarin goge fentin farce) tana kai 78 ƙasa da sifili. Firizar gida kuwa, ko 20 ƙasa da sifili da ƙyar, ta dai fi babu.

A sa safar hannu da garkuwar fuska, a buɗe tagogi. Kada a toshe tulun gam, domin lita guda tana zama iska kusan lita 700.

Bayan an ciro, a rataye ta ta dawo daidai da zafin ɗaki, a goge raɓar. A wannan lokacin gautsi gare ta kamar gilashi, ba a gwada miƙe ta. A mayar da ita tanderu a digiri 150 zuwa 175, awa biyu, ta huce, a sake wasu awa biyu. AEB-L kan fito da tauri wajen 61 zuwa 63 a ma'aunin Rockwell.

Tsagewa yawanci daga kusurwa mai tsini take farawa, ko daga bakin da aka fiƙe ya yi siriri kafin gashi. A bar masa kaurin aƙalla rabin milimita, a ƙarasa wasawa daga baya, ana yi ana tsomawa a ruwa don kada bakin ya ƙone.